Jagoran Girka Debian: Sharhi a kan Kula da Littafi Ɗaya don Na'urori Iri-iri da Abin da Ya Shafi Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa manazarta da masu tsara aikin yaƙi da jahilci nauyin samar da littattafan sana'a da na fasaha cikin Hausa. Daga cikin irin waɗannan littattafai akwai wani rukuni da ba a cika waiwaya ba, watau littafin da ke koya wa mutum yadda zai girka uwar manhaja a cikin kwamfuta. Uwar manhaja ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, kamar Windows ko Linux, wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta. Muddin ba a girka ta ba, kwamfuta ƙarfe ce da roba kurum.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi sharhi a kan ɗaya daga cikin waɗannan littattafai, watau Jagoran Girka Debian. An zaɓe shi saboda dalili uku. Na farko, lasisin da ke kansa ya yarje wa kowa ya fassara shi, ya gyara, ya buga, ba tare da biyan ko sisi ba. Na biyu, an rubuta shi ne don na'urori masu ƙira daban-daban, daga ƴar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu har zuwa manyan injunan banki. Na uku, ya daɗe ana kula da shi, saboda haka ƙarfinsa da rauninsa duk sun fito fili.

Ma'aunin da za a auna littafin da shi kuwa shi ne mai karatu na Dakoro, arewa da Maraɗi: malamin yaƙi da jahilci, ko magatakardan ƙungiyar manoma da makiyaya, wanda ya samu kwamfuta ta gwanjo yana son ya rayar da ita. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, fassara irin wannan littafi ita ce ƙaramin aiki, babban aikin yana wajen kula da shi bayan an fassara. Har ila yau dabarar da masu littafin suka ƙago don bambancin na'urori, ita ce Hausa ke bukata don bambancin da ke tsakanin rubutun Nijar da na Nijeriya.

2.0 Littafin da yadda aka gina shi

Debian uwar manhaja ce ta dangin Linux wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, masu aikin sa-kai daga ƙasashe da dama ne kuma ke tafiyar da ita. Ubuntu, wadda ta fito a 2004, daga jikinta aka cire ta. Kusan kowace shekara biyu ake fitar da sabon zubi: na 10 a Yuli 2019, na 11 a Agusta 2021, na 12 a Yuni 2023, na 13 a Agusta 2025. Kowane zubi da nasa jagoran yake fitowa.

Jagoran yana da babi takwas da rataye a ƙarshe. Ya fara da gabatar da Debian, sa'an nan irin na'urar da ake bukata, da shirin da za a yi kafin a fara, da yadda za a samo manhajar girkawa, da yadda za a tayar da na'ura da ita. Babi na 6 shi ne zuciyar littafin, domin a nan ake bin tambayoyin da manhajar girkawa ke yi ɗaya bayan ɗaya: harshe, ƙasa, allon maɓallai, sunan mai na'ura, kalmar sirri, rarraba faifan ajiya.

Wahalar ta taso ne daga cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta iri-iri ce, kowace kuma da irin umurnin da take ji. Wannan shi ake nufi da ƙira a wannan maƙala. Zubi na 12 ya fito don ƙira tara. Akwai amd64, wadda ita ce ta yawancin kwamfutocin tebur da na hannu. Akwai i386, ta tsofaffin na'urori. Akwai arm64 da armhf da armel, na ƙananan na'urori irin su Raspberry Pi. Akwai mipsel da mips64el. Sa'an nan akwai ppc64el da s390x, na manyan injunan IBM. Kowace ƙira da yadda ake tayar da ita. Kwamfutar tebur da BIOS ko UEFI take tashi, yawancin ƙananan na'urori da U-Boot, injin s390x kuwa daga nesa ake girka masa manhaja ta hanyar sadarwa.

Da a ce kowace ƙira an rubuta mata littafinta daban, sa'an nan a fassara kowanne cikin harsuna kusan 20 da jagoran ke fitowa a cikinsu, da an tashi da littafi fiye da 150 waɗanda sai an bi su ɗaya-ɗaya duk sa'ad da aka sauya kalma. Masu jagoran sun kauce wa wannan ta ajiye tushen rubutu guda ɗaya tak, cikin tsarin da ake kira DocBook. A cikin tushen, sakin layin da ya shafi kowa ana barinsa haka nan. Wanda ya shafi ƙira ɗaya kurum kuwa sai a yi masa shaida, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabba. In an zo fitar da littafin amd64, na'ura za ta kwashi duk abin da ba shi da shaida, ta haɗa da mai shaidar amd64, ta bar saura. Haka kuma sunan zubi da sunan ƙira ba a rubuta su kai tsaye a cikin jimla, gurbi ake bari wanda na'ura ke cikewa. NetBSD da OpenBSD, waɗanda su ma suke tafiya a kan na'urori masu yawa, irin wannan hanya suke bi wajen takardunsu na girkawa.

3.0 Inda littafin ya yi ƙarfi

Amfani na farko shi ne gyara guda yana isar kowa. A 2022 ƴan Debian suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a riƙa sa ƙananan manhajojin kamfanoni, waɗanda wasu sassan na'ura ba su aiki sai da su, a cikin manhajar girkawa ta ainihi. Wannan ya fara aiki a zubi na 12. Kafin nan mai girkawa yakan sha wahala in na'urarsa ta ƙi kama intanet, sai ya je ya nemo abin da ya rage daban. Da dokar ta sauya, a tushe guda aka gyara bayanin, gyaran ya bi ta cikin littattafan duka.

Amfani na biyu shi ne mai karatu ba ya ganin abin da bai shafe shi ba. Wanda ke riƙe da kwamfutar hannu ba za a cika masa ido da bayanin injin banki ba. Ga sabon mai karatu, wanda kowane shafi nauyi ne a gare shi, wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Amfani na uku shi ne gaskiya. Bayan da aka sauya manhajar girkawa a 2005, littattafan wasu ƙirori sun yi shekaru suna ɗauke da gargaɗi a shafin farko cewa ba a gama bin su an tabbatar da ingancinsu ba. Haka kuma fassarar da ta rasa mai kula, akan rubuta mata gargaɗi cewa ta tsufa. Littafin koyarwa da ke faɗa wa mai karatu inda bai kamata ya amince da shi ba abin koyi ne, ba a kuma cika samun irinsa a cikin littattafan karatun manya ba.

4.0 Inda ya gaza

4.1 Reshen da ba mai kula. Gargaɗin nan da aka yaba shi ne kuma shaidar rauni. Tushe guda yana sauƙaƙa gyaran abin da kowa ya yi tarayya a kai, amma ba ya gyara reshe da kansa. Sakin layin da ke da shaidar wata ƙira, sai mai irin wannan na'ura a hannu ne zai iya gwada shi ya ga ko yana nan daidai. Ƙirar da ke da jama'a tana samun masu gwaji, wadda ba ta da su sai bayaninta ya tsaya a inda aka bar shi, alhali daga waje littafin sabo ne ful, da sabon lamba da sabuwar shekara. Kuskure irin wannan ya fi na tsohon littafi haɗari, domin tsohon littafi ko daga bangonsa an san ya tsufa.

4.2 Yanke reshe. A zubi na 13 ƙirorin sun koma bakwai. An shigo da riscv64, an fitar da mipsel da mips64el, an kuma daina yi wa i386 da armel manhajar girkawa. Ta fuskar masu aikin, hujjarsu a fili take: ba a riƙe abin da ba mai riƙe shi. Ta fuskar Dakoro kuwa lissafin daban ne. Na'urar da Turai ta yar, a nan take soma sabuwar rayuwa. Ƙananan kwamfutocin hannu na wajen 2008 da 2009, masu ƙwaƙwalwar Atom ta farko, i386 kaɗai suke ji. Mai irin wannan na'ura ba shi da babi a cikin sabon jagora, dole ya koma ga zubi na 12, wanda kulawarsa za ta ƙare a tsakiyar 2028. Gaskiya ne yawancin na'urorin gwanjo na yanzu amd64 ne. Su ma dai suna da tasu matsalar ta wani gefe, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar na'urorin da suka kwana biyu. Wannan ya ƙara wa jagoran Debian muhimmanci a wuri irin Dakoro, ya kuma sa tambayar wace na'ura ke hannun mai karatu ta zama ta farko da littafin Hausa zai amsa.

4.3 Fassara mai ramuka. Yawancin fassarorin jagoran ana yin su ne sakin layi bayan sakin layi, kowanne a liƙe da takwaransa na Ingilishi. In aka taɓa na Ingilishi, ko da kalma guda ce, sai a ɗaga na fassarar a mai da na Ingilishi a gurbinsa har sai mai fassara ya zo ya duba. Manufar mai kyau ce, watau kada a ba mutum tsohon bayani. Amma tsarin ya ɗauka cewa kowane mai karatu yana da ɗan Ingilishin da zai tsallake ramin da shi. Ɗan Katsina da ya yi firamare yana iya lallaɓawa. Ɗan Kornaka ko Birnin Lalle wanda ya yi lakkwal, ko wanda a ajin yaƙi da jahilci ya koyi karatu, in ya iso ramin ya tsaya ke nan. Abin takaici kuma, sassan da aka fi taɓawa su ne waɗanda suka sauya, watau waɗanda mai karatu ya fi bukata.

4.4 Nijar ba ta da gurbi. Manhajar girkawa tana magana da harsuna fiye da 70, har da Amharik na Habasha da Kabil na Aljeriya, amma babu Hausa. Jagoran shi kansa babu harshen Afirka ko ɗaya a cikin fassarorinsa. Bayan wannan akwai abin da ake kira tsarin harshe da ƙasa, wanda ke gaya wa na'ura yadda za ta jera baƙaƙe, ta rubuta kwanan wata, ta nuna kuɗi. A rumbun glibc, inda Debian ke ɗibar wannan tsari, Hausa guda ce, ha_NG, ta Nijeriya, kuɗinta naira. Faransanci kuwa akwai na Faransa da Beljiyam da Kanada da Suwizalan da Lukzambur, babu na Nijar. Saboda haka mutumin Dakoro zai zaɓi Faransanci, ya zaɓi Nijar, sa'an nan na'ura ta ce masa babu tsarin da ya haɗa biyun, ya ɗauki na wata ƙasa. Jagoran ya yi bayanin wannan mataki a taƙaice, a matsayin abin da kan faru jefi-jefi. Ga ɗan Nijar kuwa kullum ne.

5.0 Hausa ma rassa biyu gare ta

Masu aikin yaƙi da jahilci a Nijar sun san ciwon littafin da ƙa'ida ta sauya ta bar shi a baya tun kafin kwamfuta ta iso. Bayan taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, Nijar ta bi shawarar ninka dogon wasali, aka riƙa rubuta kaasuwaa inda Nijeriya ke rubuta kasuwa. Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a watan Janairu 1980 ya kusanto da ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali, littattafan da aka buga da tsohon tsari suka zama tarihi. Ƙudurin minista mai lamba 0212 na watan Oktoba 1999 shi ya tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Duk da haka bambanci bai ƙare ba, kuma a littafin girkawa yana fitowa ta fuska huɗu.

Fuska ta farko baƙi ce. Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y. A takarda ido ba ya damuwa. A na'ura kuwa abubuwa biyu ne da ba su san juna ba: wanda ya nemi ƴanci ba zai ga 'yanci ba. Ƙari a kan haka, waƙafin sama da ke gaban y yana da siga har uku a cikin Unicode, kowace da lambarta. Sa'an nan a wurin da ake buga wa Linux umurni, wannan alama tana da aikinta na buɗe zance, ta yadda sunan fayil mai 'y yakan sa na'ura ta tsaya tana jiran a rufe zancen da ba a buɗe ba.

Fuska ta biyu kalmomin aro ce. Abin da Bakano ke kira filashi, Bamaraɗe kile yake ce masa. Inda wancan zai ce babu sabis, wannan cewa zai yi babu rezo. Wancan ya ce an ɗauke wuta, wannan ya ce kuran ya yanke. Kowannensu Hausa yake yi, sai dai rijiyar aron ce daban.

Fuska ta uku abin da ke kan allo ne. Tun da manhajar girkawa ba ta jin Hausa, jagoran Hausa dole ya ambaci sunan maɓalli yadda mai karatu zai gan shi. A Dakoro Continuer zai gani, a Daura Continue. In littafi ya fassara sunan zuwa "ci gaba" ya tsaya nan, mai karatu zai nemi abin da babu shi a gabansa.

Fuska ta huɗu allon maɓallai ne. Na'urar da ta biyo ta Kano da Katsina jerin QWERTY gare ta, gwanjon Faransa kuwa AZERTY, kuma duka biyun suna haɗuwa a kasuwar Maraɗi. Harufan a da q, da z da w, sun yi musayar wuri, m ta ƙaura, lambobi ma a AZERTY sai an danne maɓallin manyan baƙaƙe. A nan jagoran ya cancanci yabo, domin a sashen kulle faifai ya gargaɗi mai karatu cewa kalmar sirrin da aka buga da wani jeri ba za ta buɗe da wani ba. Amma jerin Hausa da ke cikin Linux, mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a kan QWERTY aka gina shi, haka ma na Windows. Mai AZERTY da ya zaɓe shi zai danna a ya ga q.

Waɗannan fuskoki huɗu daidai suke da bambancin ƙirar na'ura: jiki guda ne mai rassa. Kuskuren da ake tsoro shi ne a yi fassara biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Kano, kowace ta kama gabanta. Cikin zubi biyu ko uku za su rabu, a ninka aiki, a kuma raba ƴan tsirarun masu iya shi.

6.0 Matsalolin nahawu

Dabarar barin gurbi a cikin jimla an ƙago ta ne don Ingilishi, inda suna ba ya jan komai a bayansa. A Hausa suna yana da jinsi, jinsin kuma yana bin jimla. A dubi waɗannan misalai:

(1) Faifan ya cika, a cire shi.
(2) Na'urar ta tashi, a kashe ta.
(3) sunan fayil, kalmar sirri

In gurbin da ke farkon (1) aka cike shi da suna na mace, sai ya da shi su zama kuskure. Haka mahaɗin -n da -r na (3) yana bin jinsin sunan da ke ɗauke da shi. Magani shi ne a sa wa kowane gurbi suna tsayayye a gabansa wanda zai ɗauki jinsin, a ce "manhajar kaza" ko "zubin kaza", ta yadda ko me aka zuba a gurbin jimla ba za ta karye ba.

Matsala ta biyu ita ce wanda ake yi wa magana. Ingilishi da Faransanci suna da lamiri guda da ke rufe namiji da mace. Hausa sai ta zaɓa:

(4) Ka danna. Ki danna. Ku danna. Danna. A danna.

Azuzuwan yaƙi da jahilci cike suke da mata, saboda haka littafin da ya riƙe "ka" daga farko har ƙarshe ya ware su. "Ku" yana da ladabi amma yana rikicewa da jam'i. "Danna" ya dace da rubutun kan maɓalli. A cikin bayani kuwa "a danna" ya fi, domin ba ya nuna jinsi, shi ne kuma salon da Hausa ta saba ba da umurnin aiki da shi.

Matsala ta uku ita ce sigar aikatau. Tsakanin goga da goge, ko sauka da sauke da sauko, wasalin ƙarshe ne kurum, amma ma'ana ta yi nisa. Matakin rarraba faifai shi ne mafi haɗari a littafin duka, domin a nan mutum ke iya hallaka duk abin da ya tara. Kalmar da aka zaɓa wa wannan aiki dole ta zama guda, mai nuna ƙarewa ƙaf, kamar goge, kada kuma a yi amfani da ita a wani wuri mai sauƙi. Marubucin adabi yana gudun maimaita kalma, marubucin jagora kuwa maimaitawar ce amincinsa.

Akwai kuma sunaye. Sunan shiga na'ura a Debian ba ya karɓar baƙaƙe masu lanƙwasa, saboda haka Ɗanladi sai ya koma danladi, Ƙasimu ya koma kasimu. Jagoran bai tsaya a kan wannan ba domin bai shafi masu rubuta shi ba. Littafin Hausa dole ya ƙara sakin layi nasa a nan, ya kuma hana sa irin waɗannan baƙaƙe a kalmar sirri. Ma'ana, tushen Hausa zai ƙunshi abin da babu shi a tushen Ingilishi, tsarin fassara na sakin layi bayan sakin layi kuwa bai tanadi wurin wannan ba sosai.

Game da karin harshe, mutumin Dakoro yana cewa hita da munka, littafi na cewa fita da muka. Wannan bai kai a buɗe masa reshe ba, tun da daidaitacciyar Hausa ake koyarwa a aji. Abin lura kurum shi ne a gwada kalmomin fasaha a bakin masu wannan kari kafin a tsayar da su.

7.0 Shawarwari

(a) Kada a fara da littafin duka. A ɗauki ƙira guda, amd64, a fassara taƙaitaccen bayanin da ke rataye na farko da babi na 6. Abin da za a iya riƙewa shi ya kamata a ɗauka.

(b) A ajiye tushen Hausa guda ɗaya, a yi wa kalmomin aro da sunayen maɓallai shaidar Nijar ko ta Nijeriya, kamar yadda ake yi wa ƙirar na'ura. A rubuta tushen da ƴ. Dalili shi ne na'ura na iya mai da kowace ƴ ta zama 'y ba kuskure, amma komowa daga 'y zuwa ƴ yana da haɗari, domin waƙafin sama na iya zama alamar buɗe zance a gaban kalma irin ya ko yau.

(c) A tsara jerin kalmomin fasaha kafin a taɓa fassara, kowace kalma da jinsinta da jam'inta da takwararta ta ɗaya ƙasar.

(d) A reshen Nijar, duk sakin layin da fassararsa ta tsufa a cike gurbinsa da Faransanci, tun da fassarar Faransanci tana nan.

(e) Abin da za a buga a takarda ya zama ƴan shafuka da za a iya sauyawa, kowane shafi ɗauke da lambar zubi da ƙirar na'ura da shekara. Littafi mai kauri da aka ɗinke zai tsufa kafin a gama raba shi.

(f) A nema wa Nijar gurbinta a tushe. Rumbun CLDR na Unicode ya riga ya san ha_NE, saura a kai irinsa glibc. A kuma tsara jerin maɓallan Hausa a kan AZERTY. Kamaru ta yi wa harsunanta irin wannan jeri, yana kuma cikin Linux.

(g) A ɗora aikin a wuyan hukuma mai kasafi. INDRAP da sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni za su iya riƙe kalmomi, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta riƙe gwaji a kan na'urori, a kuma yi aikin tare da cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero a Kano. A sa kuɗin bita a kasafi duk shekara biyu, daidai da fitowar sabon zubi.

(h) Kada a fitar da kowane zubi sai an ba wanda bai taɓa girka manhaja ba takardar da na'ura, a wuri irin Dakoro, a zauna a ga inda zai tsaya ba tare da an sa masa baki ba. Duk inda ya tsaya, nan ne gyara yake.

8.0 Kammalawa

Jagoran Girka Debian ya warware matsalar yawan na'urori ta hanyar tushe guda mai rassa, ya kuma yi gaskiya game da rassan da suka bushe. Rauninsa shi ne ya ɗauki harshe a matsayin riga da ake sa wa littafi bayan an gama shi, ya ɗauka kuma Ingilishi na nan a ƙarƙashi ga duk wanda rigar ta yage masa. Wannan zato bai yi daidai da mai karatu na jahar Maraɗi ba. Gwajin da aka yi a jahohin Dosso da Damagaram a 2009 da 2010, inda aka haɗa karatun manya da koyon aiki da wayar salula, ya nuna cewa na'ura na taimaka wa sabon mai karatu ya riƙe abin da ya koya. Kwamfuta ma za ta iya yin haka in akwai takardar da za ta kai shi gare ta. Kafin a ba da kuɗin fassara shafi na farko, ya kamata masu tsara aiki su rubuta sunan hukumar da za ta duba shafin nan idan zubi na 14 ya fito.